Arinze Ifeakandu: Ɗan Kanon da Ba Mu Karanta Ba

A tsakiyar watan Afrilu na 2017, 'yan sanda suka kama mutum 53 a wani otel a nan Zariya, bisa zargin cewa sun taru ne don bikin auren wasu maza biyu. Aka gurfanar da su gaban kotun majistare, suka musanta. Lauyansu ya ce bikin zagayowar ranar haihuwa ake yi, kuma mafi yawansu ɗalibai ne. Mu da ke zaune a Hanwa ba mu manta yadda maganar ta cika gari ba: a majalisa, a teburin mai shayi, a cikin motar haya daga Kwangila zuwa Samaru. Kowa da abin da ya ji, kowa da abin da ya ƙara. Ba a jima ba ƙura ta lafa, aka kama wata hirar.

Wata guda bayan haka, a Landan, aka fitar da sunayen mutum biyar da suka kai matakin ƙarshe a gasar Caine, wadda ake yi wa gajerun labaran Afirka. Uku daga ciki 'yan Nijeriya ne. Ɗayansu saurayi ne da bai wuce shekara 22 ba, haifaffen Kano, mai suna Arinze Ifeakandu, kuma labarin da ya kai shi wurin a kan wasu samari biyu ne 'yan jami'a da suka faɗa son juna. Wannan labarin bai iso teburin mai shayi ba.

Kafin mu yi nisa, bari mu share fage. Mafi yawan masu karanta wannan mujalla Musulmi ne, kuma babu wanda bai san matsayin addini a kan luwaɗi da maɗigo ba. Maƙwabtanmu Kiristoci na Wusasa da Sabon Gari su ma haka mafi yawan malamansu ke karantar da su. Ba fatawa muka zo bayarwa ba, wannan fage yana da masu shi. Tarihin adabi muke bi. Wanda kuwa ke bin tarihin adabin Arewa, in ya tsallake littafin da aka haifi marubucinsa a Kano, aka gina wasu labaransa a titunan Kano, ya kuma ciyo ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan da ake ba matasan marubuta a duniya, to ya yi ha'inci a aikinsa.

Ba Arinze ne ɗan ƙabilar Ibo na farko da Arewa ta haifa ta kuma ba shi abin rubutawa ba. Cyprian Ekwensi a Minna aka haife shi a 1921. Duk wanda ya yi sakandare a shekarun baya ya san The Passport of Mallam Ilia, wanda ya fito a 1960, labarin ramuwar gayya mai cike da Kano da jirgin ƙasa. A 1962 ya fitar da Burning Grass a kan Fulani makiyaya, ya kuma fitar da An African Night's Entertainment, wanda Neil Skinner ya nuna daga baya cewa sawun Jiki Magayi ya bi kusan taki bayan taki. Jiki Magayi kuwa namu ne na gida, na John Tafida Wusasa da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar na farko da Hukumar Talifi ta fitar a nan Zariya bayan gasar 1933.

Abin lura a rayuwar Ekwensi shi ne hanyar da littattafansa suka bi suka isa hannun yara: makaranta. A ƙasar nan, marubucin matasa da makaranta yake rayuwa. Littafi ya shiga manhaja, a buga dubbai, yaro ya karanta don jarrabawa, ya girma yana tuna shi. Ko da coci-coci suka yi wa Jagua Nana ca a kai bayan fitowarsa a 1961, saboda labarin karuwa ne, littattafansa na yara ba su bar aji ba. Wannan hanya ita ce a rufe take ruf ga wanda ya zaɓi ya rubuta abin da Arinze ya rubuta, kuma tarihin aikinsa gaba ɗaya tarihin neman wata hanyar ce.

An haife shi a 1995. Yana ɗan shekara biyar aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano. A Oktoban 2001 aka yi rikici a birnin. A Mayun 2004 aka yi na ramuwar gayyar kisan Yelwan Shandam. Ranar 20 ga Janairun 2012 Boko Haram ta kai harin da ya kashe mutum fiye da 180 a yini ɗaya, a Maris ɗin 2013 kuma bam ya tashi a tashar New Road da ke Sabon Gari, inda motocin Kudu ke lodi. Yaran Ibo da suka taso a Kano a waɗannan shekaru sun yi wani karatu da ba a koyarwa a aji. Sun san lokacin da ake jan ƙofar shago a gudu, sun san unguwar da ba a shiga in gari ya rikice, sun san harshen da ya kamata a yi a bakin shinge. Garinsu ne, a nan aka binne cibiyarsu, amma lokaci-lokaci sai a tuna musu cewa baƙi ne. Mutanen cikin labaran Arinze suna ɗauke da wannan ɓuya, sannan suna ɗauke da wata ta biyu a ƙarƙashinta, wadda ko a cikin gidan ubansu ba sa iya sauke ta.

Daga Kano ya tafi Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, ya karanta Ingilishi da adabi, har ya zama editan The Muse, tsohuwar mujallar ɗaliban sashen, ya gama a 2016. Yana ɗalibi, a 2013, ya samu gurbi a bitar rubutu ta Farafina da Chimamanda Ngozi Adichie ke shiryawa a Legas. 'Yan watanni bayan wannan bita ƙasa ta sauya wa masu irin alƙalaminsa. Ranar 7 ga Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi: shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiya ko ya mara mata baya ko ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. A cikin watan ne taron jama'a a Bauchi ya yi ta jifan wata kotun shari'a da duwatsu, yana neman a gaggauta hukuncin kisa a kan waɗanda ake tuhuma. A cikin watan ne kuma Binyavanga Wainaina na Kenya, ɗaya daga cikin masu koyarwa a bitar Farafina, ya wallafa abin da ya kira ɓataccen babi na tarihin rayuwarsa, inda ya faɗa wa mahaifiyarsa, wadda ta riga ta rasu, abin da bai iya faɗa mata tana raye ba.

Dokar ba ta ambaci littafi ba, amma marubuta sun gane karatun. Jude Dibia, wanda ya rubuta Walking with Shadows a 2005, littafin da ake ɗauka shi ne ƙagaggen labari na farko a Nijeriya da jaruminsa mai son maza ne, ya bar ƙasar ya ƙare a Suwidin. Romeo Oriogun ya ci gasar waƙa ta Brunel a 2017, barazana ta biyo baya, shi ma ya yi Amurka. A shekarar ce aka sace Chibuihe Obi na wasu kwanaki bayan ya wallafa wata maƙala a kan wannan batu.

Arinze tun kafin nan ya aika rubutunsa waje. A 2015 mujallar A Public Space ta birnin Niyok ta ɗauke shi cikin sabbin marubutan da take renon alƙalaminsu, ta buga masa labarin da ya kai shi gasar Caine. Sunan labarin God's Children Are Little Broken Things. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, da bayin Allah zai ce, ba 'ya'ya ba. Ma'anar dai ita ce bayin Allah 'yan ƙananan abubuwa ne masu tsaga a jiki. Labarin Lotanna ne da Kamsi, kuma an ba da shi da "kai": ka yi kaza, ka ji kaza, ta yadda mai karatu ba shi da wurin tsayawa gefe ya yi kallo. Bai ci gasar ba. Bushra al-Fadil na Sudan ne ya ci, da labarin da ya rubuta da Larabci aka fassara, abin da ya kamata marubutan Hausa su riƙe a zuciya. Daga nan Arinze ya samu shiga makarantar koyon rubutu ta Jami'ar Iowa, ya ci gaba da karatun digiri na uku a Jami'ar Jihar Florida. A Yunin 2022 littafinsa ya fito a Niyok, labarai tara, da sunan wancan labari na farko. A Mayun 2023 Jami'ar Swansea da ke yankin Wales ta ba shi kyautar Dylan Thomas, wadda ake ba marubucin da bai haura shekara 39 ba, da fam 20,000.

Kano, Nsukka, Legas, Niyok, Iowa, Swansea. Duk matakin da littafin ya hau, nesa yake ƙara yi da garin da ya haifi mai shi.

A nan ne za a ce mana: ai dama, rubuta irin wannan kawai Turawa su ba ka kyauta. Maganar tana da ƙanshin gaskiya ta wani gefe. Kasuwar littattafai ta waje tana da abin da take so ta ji daga Afirka, kuma labarin wahala yana sayuwa. Mu ma ba ma jin daɗin a ce duniya ba ta san Kano ba sai ta bakin rikici da kame. Amma wanda ya tsaya a nan ya huta da karatu ne kawai. Abubakar Adam Ibrahim a gida ya ci dala 100,000 ta kyautar NLNG a 2016 da Season of Crimson Blossoms, labarin bazawara mai shekara 55 da ɗan daba, shi ma an ce ya tona asirin Arewa. Elnathan John, wanda a nan Jami'ar Ahmadu Bello ya karanta lauya, ya saka a Born on a Tuesday wurin da almajiri Ɗantala ya ga abin da ke tsakanin wasu samari biyu, ya rasa inda zai kai abin da ya gani. Waɗannan ba daga Landan suka aro mutanensu ba.

Mu fa ba baƙi ba ne ga wannan magana, duk yadda muke so mu nuna haka. Kalmar ɗan daudu ta daɗe a bakinmu. Mun san su a tasha da kasuwa suna tuya suna sayar da abinci, mun san su a gidan biki. Wani Ba'amurke mai nazarin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da Allah Made Us a 2009, inda ya nuna cewa daudu daban, luwaɗi daban: akwai ɗan daudu mai mata da 'ya'ya, akwai kuma mai harkar da ba za ka taɓa ganin alama a jikinsa ba. Sai dai a adabinmu gurbi biyu kacal muka tanadar wa irin waɗannan mutane. Na farko na dariya ne: a ɗaura zani, a karya murya, a tafa hannu a yi shewa, kamar yadda marigayi Rabilu Musa ya yi a Ibro Ɗan Daudu. Na biyu na ishara ne, kuma shi ya cika littattafan da ake turawa a WhatsApp da Wattpad: hajiya mai kuɗi ta ja ra'ayin 'yar makarantar kwana, ko alhaji ya shiga harkar don neman duniya, ƙarshe cuta, ko hauka, ko tuba a gadon asibiti. A duka biyun ba mutum ake nuna mana ba. Abin nuni ne da yatsa.

Labarin da ya buɗe littafin Arinze a kan Bahaushe ne mai suna Auwal, mai ɗan shago, mai iyali, wanda kasuwa ta juya wa baya, da wani attajiri, Cif Emeka, mai iya ɗaga shi in ya ga dama. Marubucin bai wanke Auwal ba, bai kuma jefe shi ba. Ya bar mu muna kallon yadda buƙata da sha'awa da wulaƙanci ke cakuɗewa har mutum ya kasa gane wanne ke jan sa, da yadda mai kuɗi ke saye har da shirun talaka. Duk wanda ya taɓa zama a bakin shago yana jiran ciniki ya san rabin wannan labari. Akwai na wasu yara biyu da suka taso tare a Kano, aka gano su, girma ya raba hanyarsu. Akwai na uwar da ta kai wa ɗanta ziyara ta fahimci wane ne abokin zamansa. Babu wa'azi a ciki, ko na goyon baya ko na suka, kuma wannan ne ya sa ya fi damun mai karatu.

Muna da namu ƙorafin. Mafi yawan mutanen littafin Ibo ne Kiristoci, don haka Kanon da ke ciki Kano ce ta gefe guda. Ba ka jin ƙamshin cikin ganuwa sosai. Baƙin ciki kuma ya yi yawa, har wani lokaci ka ji kamar marubucin bai yarda wani ya tsira ba. Sannan, tunda wannan mujalla manya da yara ke karanta ta a waya, wajibi ne mu faɗa: a kan matasa aka yi mafi yawan labaran, amma ba don yara aka rubuta su ba. Akwai wuraren da ya fito da abin da ke faruwa a ɗaki ƙarara.

Wanda ya ɗauki wannan batu ya rubuta shi musamman don 'yan sakandare, daga cikin 'yan Nijeriya, sai a ambaci Akwaeke Emezi. Hausa ba ta barin ka yi maganar mutum ba ka ce "ya" ko "ta" ba, Emezi kuwa sun ce ba sa cikin ko ɗaya, don haka za mu ara musu "su" ɗin da muke yi wa manya. An haife su a Umuahia a 1987, sun taso a Aba, sun yi karatu a Amurka. A 2019 suka fitar da Pet, wanda ya kai matakin ƙarshe a babbar gasar littattafai ta ƙasar Amurka, ɓangaren matasa. A wani gari ne mai suna Lucille, inda manya suka gaya wa yara cewa an gama da dodanni, babu sauran ko ɗaya. Jarumar, Jam, an haife ta a matsayin namiji, ta tashi a matsayin mace, amma ba wannan ne abin da labarin ya sa gaba ba. Wata halitta ce ta fito daga zanen mahaifiyarta ta ce mata akwai dodo a gidan babban amininta. Dodon ashe wani babba ne na gida, wanda kowa ke girmamawa, yana lalata ƙaramin yaro, manya kuma sun ƙi gani saboda sun riga sun yi shelar cewa irin wannan ba ya faruwa a garinsu. Mu da muka san abin da ake binnewa da sunan rufin asiri, ba ma buƙatar a fassara mana wannan. A 2021 Emezi suka fitar da tarihin rayuwarsu, Dear Senthuran, a siffar wasiƙu, a 2022 kuma Bitter, wani littafin matasan a kan ƙuruciyar mahaifiyar Jam.

Kada a ɗauka can ɗin an shimfiɗa wa irin waɗannan littattafai darduma. George M. Johnson, baƙar fata ɗan Amurka, ya fitar da tarihin ƙuruciyarsa don matasa a 2020, All Boys Aren't Blue. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka, wadda ke lissafin littattafan da aka fi neman a cire daga kantoci, ta sa shi a lamba ɗaya a 2024. Iyaye a Texas da Florida suna faɗa a taron hukumar makaranta da zafin da ba ya kasa namu. Bambancin shi ne su suna ɗaga littafin, su karanto shafi kaza, a yi gardama a kansa.

Namu salon daban ne. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun 'yan mata a makaranta, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Littattafan soyayya ne tsakanin saurayi da budurwa, irin waɗanda yau ake rubuta kundin digiri a kansu a Samaru da Bayero. A Oktoban 2023 kuma aka tashi a kan Queen Primer, ɗan littafin koyon baƙaƙen Turanci da ya samo asali tun zamanin Sarauniya Victoria. Majalisar Wakilai ta nemi a haramta shi, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Kano ta kwashe kwafi fiye da dubu daga kasuwa. Babban laifinsa kalmar "gay" ce, wadda a Turancin lokacin da aka rubuta shi fara'a kawai take nufi. Hakkin iyaye ne su tace abin da 'ya'yansu ke karantawa, ba mu ja da wannan ba. Amma a lokacin da ake loda ɗan littafin firamare a mota, yaran da ake karewa suna kwance da waya a ƙarƙashin bargo, suna karanta abin da babu hukumar da ta taɓa gani.

Game da tarihin rayuwa kuwa, abin da ya fi kusa da mu ya fito ne a 2018, lokacin da kamfanin Cassava Republic na Abuja ya buga She Called Me Woman. Azeenarh Mohammed da Chitra Nagarajan da Rafeeat Aliyu ne suka tattara shi: mutum 25 suna ba da labarin rayuwarsu da bakinsu, cikinsu har da muryoyi daga Zamfara da Maiduguri da Filato. Akwai masu sallah da azumi a cikinsu, akwai waɗanda aka yi wa aure. Binyavanga ya sa sunansa a nasa, Emezi sun sa nasu, Arinze ya sa nasa a bangon littafi daga Amurka. Waɗannan 25 ɗin, da mafi yawansu suke zaune a gida, haruffan farkon suna kawai aka sa musu, da shekaru, da jiha.

Su kuwa 53 ɗin nan na Zariya, an ba da belinsu, suka koma cikin gari. Abin da jaridu suka riƙe a kansu shi ne adadi, da tuhuma uku: haɗa baki, taro ba bisa ƙa'ida ba, da zama cikin haramtacciyar ƙungiya.